Ƙwaryar Dawa a Kan Teburin Majo

Ranar da aka ce mini an rushe tsohon ɗakin shan maganin unguwarmu za a gina bene a wurin, abin da na fara tambaya shi ne benci. Jikata ta dube ni ta ce wane benci kuma, ana maganar bene mai hawa biyu da injin ba da wuta. Ban ga laifinta ba. Wanda bai ga abu da idonsa ba, labari ne kawai a wurinsa. Amma ni tun daga ranar bencin nan ya ƙi barin raina, har na ga gara in faɗi yadda aka yi ya zo wurin, tun ina da sauran haƙoran faɗa.

A unguwar Sabangali aka haife ni, kusa da kogi. Kakanmu ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya hutawa a garin nan, hutun da har yau zuriyarsa ba ta gama ba. Mun tashi da baki biyu. A cikin gida Hausa, kana taka ƙofar zaure sai Larabcin Chadi, kuma ba mu taɓa jin lokacin da harshe yake juyawa ba. Da aka kai ni aure Diguel, unguwar tana bakin gari ce. Gidajen ƙasa ne, da filaye a tsakaninsu inda awaki ke kiwo. Da safe abin da ke tashe ka lugude ne daga gida uku ko huɗu a lokaci guda, sai kiran masu tura ruwa, sai Fulani masu nono. Da damina kuwa laka ce mai cinye takalmi, ka fita da biyu ka dawo da ɗaya, ga sauro kamar an aiko shi. Sana'ata matsar man gyaɗa ce da ƙuliƙuli, kuma ba yabon kai ba, har daga unguwar Goudji ana zuwa saye.

A shekarun nan ne baƙi suka yi ta sauka a unguwar. Fatake ne daga Najeriya da Nijar, su kama ɗaki su ajiye iyali, su kuma su koma hanya, wata biyu wata uku ba a gan su ba. Mazan sukan tsinci Larabci a kasuwa cikin 'yan watanni, don ciniki ba ya jira. Matan kuwa suna cikin gida, Hausa kaɗai ce a bakinsu. Mukan yi musu dariyar yadda suke jan magana, su ma su yi mana dariya wai Hausarmu ta sha ruwan kogi ta salamce, kowace magana sai mun rufe ta da kalas, wato shi ke nan. Zama ne mai daɗi, ana aron turmi ta kan katanga. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, duk ranar da ɗayarsu ta fita neman magani, kurma ce a cikin gari.

Ɗakin shan maganin, wanda muke ce wa laptan kamar kowa a garin, ɗakuna uku ne da baranda da wata bishiyar darbejiya. Shugabansa mutumin kudu ne, dogo, mai farin gilashi, kowa Majo yake ce masa. Mai duba yara kuma wata mace ce da muke kira Madam, mai saurin hannu da saurin baki. Ba muguwa ba ce, wannan zan faɗa ko a gaban alƙali. Mace ɗaya ce a kan layin da yakan zagaye bishiya, tana magana da Larabci, tana rubutu da Faransanci, kafin ta gama da ke idonta yana kan ta bayanki. Mu kuma an rene mu a kan cewa idan babba ko ma'aikaci ya yi magana, amsarka ita ce to. Ka ji, to. Ba ka ji ba, to. Sake tambaya rashin kunya ne, kamar kana cewa bai iya magana ba. Da wannan to ɗin mata da yawa suka fito daga ɗakin Madam da takarda a hannu ba su san abin da ke cikinta ba.

Bayan katangata akwai wata yarinya da mijinta ya kawo daga Damagaram, har sunanta ya ɓace muka bar ta da Ta Damagaram. Mai kunya ce, ba ta haɗa ido da kowa, tana da 'ya ɗaya da ta fara tafiya tana kiran kaji. Wata safiya cikin damina, mijin yana hanya, ta leƙo ta ce Yaya, jikin yarinyar nan da zafi tun jiya, ko za ki raka ni laptan. Ni kuma na riga na ɗora gyaɗa, ƙullun yana hannuna, mai ya fara fitowa. Wadda ta san matsa ta san ba a barinta a tsakiya. Na ce mata ta je, ai ba nisa, ta nuna yarinyar kawai za su gane. Wannan maganar tawa ce, ba wanda ya sa ni, kuma na daɗe ina ɗauke da ita.

Kafin azahar ta dawo fuskarta a sake. Ta ce ashe likitar ma tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Wai Madam ta miƙo mata takarda ta ce amshi, ita kuma ta amsa. Sannan ta ce a ba yarinya dawa, ta ɗaga yatsu uku, ta yi alamar sha. Ta tambaye ni ko ina da dawa a gida, don tata ta ƙare, gero kaɗai gare ta. Na tsame hannu daga ƙullu na auno mata jar dawa mai kyau, har ina cewa ai gaskiyar likita, kunun dawa yana riƙe cikin mara lafiya. Ni da aka haifa a cikin Larabcin garin nan, ni da na san tun ina goye cewa dawa a bakinsu magani ne, amshi kuma tafi ne. Madam cewa ta yi ta tafi ta sayi magani. Amma da Hausa maganar ta zo mini, daga bakin Bahaushiya, ta kan katangar gidana, sai kunnena na Hausa ya karɓa, ɗayan yana barci.

Kwana uku tana dama kunu, safe da rana da yamma, ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ta tace shi da kyau, ta hura, ta ɗura wa yarinyar da ludayi. Takardar kuwa ta ninke ta ƙulle a bakin zane, a zatonta shaidar zuwa ce da za ta nuna in ta koma. A safiya ta huɗu na ji kuka irin wanda ba a tambayar dalilinsa. Na tarar da yarinyar ta sanƙare, idanu sun juye, jiki yana karkarwa. Gwaggo ta riga ni shiga. Gwaggo tsohuwar unguwa ce, ungozoma, rabin yaran layinmu a hannunta suka faɗo, kuma ba ta iya zagaye magana ba. Ta tambayi ina maganin da aka rubuta. Ta Damagaram ta nuna tukunyar kunu. Gwaggo ta dubi tukunya, ta dube ni, ni kuma a lokacin nan ne kunnena na biyu ya farka. Na kwance bakin zanenta da hannuna na ciro takardar, ta yi laushi da gumi. Ban taɓa jin kunya da tsoro sun haɗu a cikina irin na ranar ba.

Ni na goya yarinyar, muka keta laka ba takalmi. Daga laptan aka wuce da mu babban asibiti, aka yi kwanaki ana ƙarin ruwa da allurai. Allah ya yi da sauran shan ruwanta a gaba, ta tashi. Sai bayan mun dawo gida uwar ta lura in an kira ta daga dama ba ta juyowa. Zazzaɓin ya tafi da kunnen nan, bai dawo da shi ba.

Da mijin ya dawo, unguwa ta ɗauki zafi. Shi ya ce matarsa ta kunyata shi, zai mai da ita gidansu tunda ba ta da wayon zama birni. Maza kuma suka zauna a ƙofar masallaci suka yanke cewa a rubuta ƙara a kai sama, a cire Madam daga wurin. Har an sami mai rubutawa. Gwaggo ta ɗauki sandarta ta je ta tsaya daga nesa, inda za su ji ta. Ta ce in an cire wannan, wadda za a kawo da wane baki za ta yi magana, ko daga Katsina za a aiko musu da ita. Ta ce wa mijin kuma, shi da ya ajiye mace a garin da ba ta jin maganarsa ya kama hanya, ya fara neman wayon a aljihunsa. Takardar ƙarar dai ba ta bar unguwa ba, Ta Damagaram ma ba ta tafi ko'ina ba.

Mu mata a tsakar gidana muka taru, ana ɓarar gyaɗa, don ba a tara mata hannu sake. Na fara da faɗin nawa laifin, tunda ni na auna dawar. Da suka ga ban mutu ba, sai bakuna suka buɗe. Wata ta ce ita kwalbar maganin tari ta mako guda ta shanye a yini ɗaya, ta kwana biyu tana ganin ɗaki yana juyi. Wata an gaya mata ranar komawa rigakafi, ta ce to, har yaron ya yi ƙyanda ba ta san an sa mata rana ba. Wata ta shafa abin da aka ce ta sha. Ana dariya ana share hawaye. Maƙwabciyarmu mai ɗinki, Kirista ce 'yar kudu, ta ce kada mu ɗauka mu kaɗai ne, 'yan'uwanta da ke zuwa daga ƙauye su ma haka suke fitowa. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta ajiye ƙwaryarta ta ce nasu ya fi haka. Nan muka gane ciwon na duk wadda ta zo da baki ɗaya ne. Muka duba a cikinmu, masu baki biyu ba su yi kaɗan ba. Abin da muke buƙata wurin zama ne kusa da ƙofar Madam, a bar ɗayarmu ta shiga tare da duk wadda ba ta ji.

Na fara zuwa ni kaɗai da saƙon mai unguwa. Majo ya saurare ni a tsaye, ya ce laptan ba kasuwa ba ce, kuma ciwon mutum sirrinsa ne, ba za a cika masa ɗaki da 'yan jin gulma ba. Na dawo raina a ɓace, ina cewa mutumin nan girman kai ne da shi. Gwaggo ta ce ba girman kai ba ne, labari na kai masa, shi kuwa labari yana jin irinsa goma kafin ya karya kumallo. Gani ya kori ji. Ta ce a nemo ƙwarya.

Kwana biyu muka yi muna bi gida gida. Wasu mazan suka hana, wasu suka ce a je amma a dawo kafin girkin rana. Ranar da muka tafi mun cika barandar har muka kai gindin darbejiya, kowa da mayafinta na fita, ba hayaniya, ba wadda ta ɗaga murya. Mai ɗinki ce ta nemi iso da Faransanci, wannan ya sa ya ce mu shigo mu huɗu. Ta Damagaram ce ta ɗauki ƙwaryar. Yarinyar nan da ba ta haɗa ido da kowa ta taka har gaban teburin Majo da 'yarta a goye, ta ture takardunsa gefe, ta ajiye ƙwarya cike da jar dawa, ta ɗora tsohuwar takardar maganin a kai.

Ya tambaya da Larabci mene ne wannan.

Ta ce, "Dawa."

Ya yi 'yar dariya ya ce wannan ai hatsi ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, a bakinmu sunansa ke nan. Shi aka ce ta ba yarinya sau uku, shi ta ba ta, kwana uku ba fashi. Ni na auna mata."

Dariyar ta tsaya. Ya ɗauki takardar ya karanta, ya cire gilashi, ya sa aka kira Madam. Da ta shigo ta ga taro sai ta ɗaure fuska, a zatonta ƙararta aka kawo. Mai ɗinki ta yi mata bayani. Madam ta zagaya bayan Ta Damagaram, ta tafa hannu a daman yarinyar, yarinya ba ta motsa ba. Ta tafa a hagu, yarinya ta juyo tana murmushi. Sai Madam ta nemi kujera ta zauna, ta rufe fuska da tafin hannu.

Gwaggo ta ce, ni ina fassarawa, "Ɗana, ba mu zo a kori kowa ba. 'Yar nan ta yi aikinta, wannan ma ta yi nata, a tsakaninsu maganar ta faɗi. Wurin zama muke so, mu riƙa tsince ta."

Majo ya sake kawo maganar sirri, amma a hankali wannan karon. Gwaggo ta ce mai ciwo ita za ta zaɓa, in ta ce a shiga da ita a shiga, in ta ce a'a a tsaya a waje, kuma duk wadda ta fitar da maganar ɗaki ita da kanta za ta kore ta. Ya ɗauki ƙwayar dawa yana juya ta a yatsunsa. Madam ce ta ɗago ta ce ita ta yarda, har da ƙari. Daga yau ba wadda za ta fita daga ɗakinta da to. Sai ta maimaita abin da aka gaya mata da bakinta, a ji daidai ne. Majo ya ce a gwada wata ɗaya. Ƙwaryar kuma ya ce a bar masa, ya ɗora ta a kan kabad, tana nan har ya bar aiki.

Wata ɗayan nan ya zama shekaru. Wani kafinta a layinmu ya haɗa benci da ragowar katako, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, kullum sai an sa mata dutse. Muka raba kwanaki. Litinin tawa ce, ba na ɗora gyaɗa ranar ko da wa zai zo saye. Mai ɗinki takan zo da aikin hannunta ta zauna saboda mutanen kudu, Bafulatana ta tsaya in ta gama tallan nono, daga baya wata Babarbariya ta shigo cikinmu. Ba a biyan kowa, sai dai wani lokaci a kawo maka goro. Aikin ba wuya a faɗe, amma sai ka yi da gaske kafin ka raba Bahaushiya da to. Ka ce me aka ce miki, ta ce an ce to. Ka ce maimaita, ta rufe baki da mayafi tana dariya. Gwaggo takan ce musu in kunne ya ji jiki ya tsira, amma sai in jin gaske ya yi. A hankali abin ya bi jiki, har yara a unguwa suka mai da shi wasa, in an aike su sai su ce maimaita. Wadda ta fi kowa tsanani a bencin nan kuwa Ta Damagaram ce. Cikin shekara biyu ta iya Larabci har tana faɗa da shi a kasuwa, kuma ba ta taɓa barin mace ta wuce ta da takarda a ƙulle a zane ba. Mijin nata da ya so mai da ita, shi ya koma yana alfahari da ita a majalisa, kamar shi ya koya mata.

Yanzu zamani ya juya. Diguel ta cika ta batse, babura sun maye gurbin awaki, lugude sai ka yi sati ba ka ji ba. Yaranmu sun yi makaranta, suna karanta takardar magani da kansu, abin da ya shige musu duhu su tambayi waya. Gwaggo ta daɗe da rasuwa, Ta Damagaram ma ta bi ta, mai ɗinki ta koma garinsu. Bencin ya riga ginin tafiya, wai an ce yana tare hanya. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Amma ba na cikin tsofaffin da ke cewa komai na da ya fi, don na ga abin da na da ya yi wa kunnen yarinya. Abin da na sani shi ne har gobe baƙi suna sauka a garin nan da baki ɗaya, kuma to tana nan ba ta mutu ba.

'Yar Ta Damagaram yanzu tana Goudji da 'ya'yanta huɗu. Inna take ce mini, kuma in za mu zauna takan zagayo ta ba ni kunnenta na hagu. Watan jiya ita ta raka ni ganin likita saboda hawan jini, a wani sabon wuri mai sanyi da kujerun roba. Likitan yaro ne, sa'an jikana, mai ladabi, amma maganarsa rabi Larabci rabi Faransanci, da sauri, kansa a kan na'ura. Ni kuma kunnuwan sun fara gajiya. Ya gama, ya miƙo takarda, na karɓa da hannu biyu na ce to, na yi godiya, muka fito. Muna kaiwa baranda na ga ina ninke takardar zan ƙulle a bakin mayafi. Ta riƙe mini wuyan hannu.

"Inna, me aka ce miki?"

Na ce an ce in riƙa shan magani.

"Guda nawa? Da safe ko da yamma? Maimaita."

Na buɗe baki, ba komai a ciki. Ni da na yi shekaru a kan benci ina raba mata da kalmar to. Dariya ta kama ni har sai da na dafa bango, ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ta juya ni, ta ƙwanƙwasa ƙofar likita, muka koma ciki.